Ɗanmaraya da Sunan Gari

Mu 'yan unguwar nan ta Hausawa a Jalingo mun tashi mun tarar da rediyo rataye a ƙusa a shagon tela, kullum tana kan tashar Kaduna. Lokacin Zaɓi Sonka kuwa ba a aiken yaro. Kowa ya kasa kunne ko mai gabatarwa zai karanto katin gaisuwa daga dangi a Kano ko Katsina, ya ce "zuwa Jalingo". Ranar da ya ambace mu, sai ka ga dattijo yana murmushi kamar an yi masa bushara da kujerar Makka. In kuma aka biyo da Ɗanmaraya Jos, to keken ɗinki ma tsayawa yake.

Sai da muka girma muka gane abin da ya sa iyayenmu ke ji da shi. Sunansa Adamu Wayya, an haife shi a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin sarkin garin ne. Iyayensa suka rasu yana ƙarami, sarkin ya riƙe shi. Kayan sana'arsa kuntigi ne kawai: gwangwani, fatar akuya da tsirkiya ɗaya. Da shi ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha, ya kewaya ƙasashen duniya, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Allah ya yi masa rasuwa ranar 20 ga Yuni, 2015.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne sunan. Bahaushe ne da aka haifa nesa da ƙasar Hausa, kamar mu. Bai laƙaba wa kansa sunan wani gari na kakanni ba. Inda aka yanke masa cibiya nan ya ɗauka, ya kai sunan Jos ko'ina.

Mu fa? An ƙirƙiro Taraba a 1991 muna nan. Kakanninmu suna kwance a maƙabartar garin nan. Amma har yau in an tambayi yaronmu "kai ɗan ina ne?", sai ya yi jim, ya ambaci garin da bai taɓa kwana ba. Mu muka koya masa haka.

Jiya wani jikanmu ya jiyo kuntigi a waya, ya ce, "Kaka, wane ne wannan?" Muka ce ɗan Jos ne. Ya ce, "To ni ɗan Jalingo ke nan?" Muka ce ƙwarai kuwa.

Allah ya jiƙan Ɗanmaraya.