Bakin 'Yar Tsana: Yadda Zanen Yanka Ya Iso Gummi Ta Cikin Waya

A wata unguwa ta garin Gummi akwai mata mai ɗinki da ta shekara goma sha biyar a kan keke ba ta taɓa yanka yadi bisa takarda ba. Tef ne, da alli, da ido. Mace za ta kawo atamfa ta nuna hoton ɗinki a waya, ita kuwa ta auna kafaɗa da ƙirji da tsawo, ta rubuta a bangon littafi, ta shimfiɗa yadi ta sa almakashi. Haka akasarin telolin ƙasar Hausa suke aiki, kuma aikin yana fita. Abin da ya fara gagarar idonta shi ne bakin 'yar tsana.

Da daminar 2024 ƙanwarta ta iso daga wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum bayan 'yan bindiga sun tashi garin, goye da yaro ɗan shekara biyu da rabi wanda tamowa ta ci. Aka kwantar da shi asibiti, aka ba shi madarar magani, kumburin ƙafa ya sace, jiki ya soma dawowa. Amma ko da aka sallamo su, yaron ba ya dariya, ba ya kiran sunan kowa, inda aka aje shi nan za a tarar da shi. Ranar sallama ma'aikaciyar jinya ta ce wa yayar, "Hajiya, ku riƙa yi mashi wasa kullum. Abinci kaɗai ba ya tashe shi."

Wasa a cikin takardar likita

Maganar ma'aikaciyar tana da tushe. A cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara domin jinyar yaron da tamowa ta yi wa tsanani, ɗaya shi ne motsa hankalin yaro da nuna masa kulawa, har da wasa na minti 15 zuwa 30 kowace rana. Littafin jagorar hukumar ya kawo kayan wasan da za a iya haɗawa a gida da gwangwani da murafan kwalba, kuma 'yar tsanar tsumma tana cikinsu. Dalili shi ne yunwa ba tsoka kaɗai take ci ba. Yaron da ya daɗe cikinta yakan daina neman abin da ke kewaye da shi, uwa ta ga ya yi shiru ta ƙyale shi ya huta, shirun ya ƙara zurfi, a daidai shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa.

An gwada wannan a birnin Kingston na ƙasar Jamaika daga 1986, ƙarƙashin Sally Grantham-McGregor. Aka ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, aka riƙa kai wa wasu daga cikinsu ziyara gida mako-mako har shekara biyu, ana koya wa iyaye mata wasa da su da kayan da aka haɗa da hannu. Bayan shekara ashirin aka nemo su. Rahoton da mujallar Science ta buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa wasan sun fi takwarorinsu samun kuɗin shiga da kimanin kashi 25 cikin ɗari.

Mai ɗinkin ba ta san Kingston ba, amma ta san 'yar tsana. Ta yi ta kara, ta yi ta ƙashi, ta ɗaura musu ƙyalle, ta yi musu biki da ƙawayenta tun tana yarinya. Ta ɗinka wa yaron ta tsumma, ya riƙe ya saki. Sai wata rana ta ga bidiyo a waya: 'yar tsanar da ake zura hannu a cikinta, yatsu huɗu a sama, babban yatsa a ƙasa, baki yana buɗewa yana rufewa. Irinta ce yara suka sani a shirin Dandalin Sesame na tashar Arewa24, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin masu wasan ɗiyan dabo sun daɗe suna ɓoye jikinsu su bar 'yan tsana suna magana a kasuwa. Yaron ya ƙura wa wayar ido har bidiyon ya ƙare. Rabon da a ga ya bi wani abu da kallo haka, an kwana biyu.

Inda ido ya gaza

Sau uku ta yanka, sau uku bakin ya karkace. Riga tana yafe kuskure, domin jikin mutum ne yake cika ta, in ta yi yawa a rage, in ta matse a saki. Kan 'yar tsana kuwa dole ya tsaya da kansa. Yadi shimfiɗaɗɗe ne, kai kuwa mulmulalle, saboda haka sai an cire 'yan tsinin yadi a wurare sanannu an haɗe bakinsu kafin ya yi ƙoƙo. Sannan akwai faifan baki, wani abu mai siffar ƙwai da ake ninkewa biyu ya zama ganda da haɓa. Kewayen faifan nan dole ya yi daidai da kewayen ramin da aka bari a fuska. In ɗaya ya ɗara ɗaya da santimita guda, yadin zai tattare a gefe, leɓe ya murɗe, bakin ya ƙi rufuwa.

Wannan lissafi shi ake saya in an sayi zanen yanka. Wani ya riga ya ɓata yadi sau goma ko ashirin har ya gano gwargwadon, ya zana kowane yanki da ainihin girmansa, ya sa alamar inda wannan zai haɗu da wancan. Sana'ar ta tsufa. A 1863 wani tela Ba'amurke, Ebenezer Butterick, ya fara sayar da zanen yanka mai girma daban-daban a jihar Massachusetts, da farko a kwali, daga baya a takarda shara-shara mai sauƙin aikawa ta gidan waya. Abin da ya canza a yau shi ne hanyar isowa. Mai zane yana ɗora aikinsa a kasuwar intanet irin Etsy, wadda aka kafa a 2005, mai saye ya biya ya sauke fayil ɗin PDF, ya buga a takarda da kansa. Ba jirgi, ba kwastan, ba motar da za ta biyo hanyar Anka.

Dala biyar

Sauƙin ya tsaya a nan. Zanen da ta zaɓa dala biyar ne. Kafin a saki Naira a watan Yunin 2023, farashin gwamnati bai kai Naira 500 a dala ba. A 2024 ya haura 1,500, dala biyar ta zama sama da Naira 7,500, kuɗin ɗinki fiye da ɗaya, a gidan da aka ƙaru da baki biyu. Ko da kuɗin a hannu, katinta ba zai biya ba, domin tun 2022 bankuna da yawa suka dakatar da sayayyar waje da katin Naira, sai a 2025 wasu suka dawo da ita. Ƙanen mijinta da ke karatu a Sakkwato shi ya biya da katin dala na manhajar waya, ya turo mata fayil ɗin, ta mayar masa da Naira.

Ya kuma karanta mata sharaɗin da ke shafin farko. Abin da aka saya izinin amfani ne na mutum ɗaya. Tana iya ɗinkawa, wannan mai zanen ma ta yarda a sayar da 'yan kaɗan da aka ɗinka da hannu, amma ba a yarda a raba fayil ɗin ba. Masu zane sun bambanta a kan wannan, wasu ba su yarda a sayar da ko guda ba, don haka karanta sharaɗi kafin biya yana cikin ciniki.

Ta kai wayar shagon buga takardu na bakin kasuwa. Shafi takwas ne. Yaron shagon ya duba ya ce, "Hajiya, in haɗa maki biyu-biyu a takarda guda, ki biya rabi." Ta yi masa godiya. Ta koma gida ta yanka, ta ɗinka, bakin ya zauna cif a karo na farko. Da ta zo zura hannu, yatsu uku ne suka shiga.

Bayanin yana kusurwar shafin farko, inda aka zana ɗan murabba'i aka rubuta cewa inci ɗaya ne kowane gefe, wato santimita 2.54. Amfaninsa a aza tef a kansa kafin a taɓa almakashi. In aka haɗa shafi biyu a takarda ɗaya, kowane tsawo yana komawa kusan kashi 71 cikin ɗari. Ko ba a yi haka ba akwai wani tarko: takardar Amurka faɗinta santimita 21.6 ne, tsawonta 27.9, ta Nijeriya kuwa, A4, 21 ce da 29.7. In aka bar na'ura ta daidaita zane da takarda, za ta rage shi ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Abin da za a ce wa mai shago shi ne ya buga a ainihin girma, ɗari bisa ɗari, shafin farko kaɗai tukuna, a auna, sannan sauran. Ta koma ta sake biya. Wannan karon da tef a wuyanta ta je.

Da ta samu daidai, ta manna takardun a kwalin taliya ta yanke, ta huda kowanne ta rataye a ƙusa. Wanda ya zauna Zamfara a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya na jihar baki ɗaya har tsawon makonni, ba ya barin abin da ya saya da kuɗinsa a cikin intanet kaɗai.

Abin da zanen bai sani ba

Mai zanen ta rubuta jerin kayan da za a nema: wani yadi mai laushi kamar bargo, soso, kwali da gam domin faifan baki, da idanun roba. Kusan kowanne sai da aka canza shi.

Yadin ta same shi a rigar sanyi ta gwanjo. Abin lura shi ne irin wannan yadi yana talewa ta gefe ɗaya fiye da ɗaya, kuma kibiyar da ke jikin kowane yanki tana nuna yadda za a kwantar da shi. Atamfa ba ta talewa, ta dace da rigar 'yar tsana, ba ta dace da fuska ba. Idanun roba ta ƙi su, haka maɓalli da duwatsun ado, domin duk abin da zai iya cirewa, ɗan shekara biyu baki zai kai shi. Da zare baƙi ta yi idon.

Kwalin baki kuwa ƙanwarta ce ta hana, kuma dalilinta ya fi na kowa nauyi. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda ake daka da niƙa dutsen zinari a cikin gida. Yara kimanin 400 suka mutu, ta hanyar ƙurar da ke tsakar gida, wadda ke bin hannu zuwa baki. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinya, aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma sai a 2013 aka tsabtace ta. Matan yankin sun fito daga wannan da darasi guda: abin da yaro ke ja a ƙasa yana kai wa baki, dole ya wanku. Kwali da gam ba sa jure ruwa. Sai mai ɗinkin ta yanko faifan daga jikin tsohuwar jarkar man gyaɗa, ta goge kaifin, ta lulluɓe shi da jan ƙyalle ta ɗinke.

Saura siffa. Zanen na kare ne, kare kuwa ba abin da za a miƙa wa yaro ya rungume ba ne a gidan. Ta ƙara wa kunnuwan tsawo suka zubo, ta yi gaba da baƙin yadi, baya da fari, sai ga tunkiyar Uda. Surukarta ta tambaya ko ya halatta a aje mai ido da baki a ɗaki, aka kai maganar wurin malamin Islamiyyar unguwa. Ya tuna musu cewa Buhari da Muslim sun ruwaito Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Abu Dawud kuma ya ruwaito labarin dokinta mai fukafukai biyu na ƙyalle, kuma a kan haka malamai da yawa suka keɓe kayan wasan yara daga hanin sura, ko da yake wasu sun fi son kada a cika kamannin. Aka bar tunkiya da idon zare.

Tunkiya biyu

Kullum bayan la'asar uwar takan zura hannu, tunkiya ta gaida yaron, ta tambaye shi ina hancinsa, ta yi kamar za ta cinye masa tuwo. Mako na farko kallo kawai yake. A na biyu ya soma tura mata yatsa a baki yana janyewa. Ƙaramar nan da aka yi bisa kuskure tana cikin kwandon ƙyallaye, har wata 'yar maƙwabta ta tono ta, ta ga ta yi wa hannun yaro daidai. Mai ɗinkin ta mayar da ita tunkiya ita ma. Ranar da babbar ta yi kuka, ƙaramar da ke hannun yaron ta amsa da "mee", uwar ta juya fuska bango don kada ya ga hawayenta.

Ba a ce 'yar tsana ta warkar da shi ba. Abinci ya yi nasa, lokaci ya yi nasa, kuma har yanzu maganarsa ba ta kai ta tsararrakinsa ba. Abin da tunkiyar ta yi shi ne ta ba uwar da baƙin ciki ya ɗaure wa harshe wata murya da za ta yi wasa da ita minti ashirin a rana.

Matan unguwa sun fara kawo tsofaffin rigunan sanyi. Biyu daga cikinsu, su ma masu keke, sun ce ta tura musu fayil ɗin ta WhatsApp, ta ce amana ce, ba nata ba ne da za ta raba. Amma ta riga ta gane yadda kewayen faifai yake bin kewayen rami, kuma a kan ƙusar, bayan kwalayen tunkiya, akwai wasu sababbi da ta zana da kanta, na zakara. Ta ɓata riga biyu kafin bakin ya rufu. Wannan ta ce duk mai so ta zo da kwalinta ta kwafa.