Ina zan zauna da ɗiyana uku?

Ni mace ce daga ƙasar Kance, cikin jahar Damagaram. Da girmana na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, kuma wannan takarda da hannuna na rubuta ta. In kun ga kuskure ku yi mini haƙuri.

Maigidana ya rasu cikin kakar shekara ta 2021. Kun tuna da wannan damana. Ruwa ya ɗauke tun hatsi bai gama ɗaukar ido ba. Gonar da ke ba mu dami 40, ko 15 ba ta cika ba. Muna cikin wannan baƙin ciki ciwo ya kada shi. Kwana 9 ya yi kwance, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ni da ɗiya uku: namiji mai shekara 7, mace mai shekara 4, da auta tana goye.

Na yi takaba wata 4 da kwana 10. Mutane na zaton mai takaba kuka kaɗai take yi. Ni dai lissafi nake yi. Da dare in yara sun yi barci sai in lissafa tiyar hatsin da ta rage cikin rumbu, in lissafa watannin da suka rage kafin wata kaka. Ko ta ina na biyo, lissafin ba ya haɗuwa.

Da na fita takaba, wan maigidana ya kira ni zaure. Uwarsu tana zaune gefe. Ya ce: "Uwar yara, gida gidanki ne, ba mai korar ki. Amma kin ga shekara. Ga abin da muka shawarta. Namijin za mu ba malam ya tafi da shi karatu. Ta tsakiya gwaggonta za ta riƙe ta. Auta tana hannunki har ki yaye ta. Ke kuma in Allah ya kawo miji, sai ki yi aurenki."

Na ce: "Yaya, na ji. A ba ni kwanaki in yi tunani."

Kada ku ce mugu ne. Mata biyu gare shi da ɗiya 9, rumbunsa bai fi namu ba. Abin da ya ga ana yi shi ya faɗa. Amma ni da na koma ɗaki na dubi yaran nan kwance bisa tabarma ɗaya, ƙafar wannan bisa cikin wancan, sai na ji ba zan iya ba. Sun rasa uba. Kada kuma su rasa juna.

Ban da wannan, garin maigidana tudu ne. Rijiya gaba 20 ce, kuma babu lakwal. Likita tana da nisa, sai an yi rabin wuni bisa amalanke. To, in ba nan ba, ina?

Wadda ta fara kawo mini amsa wata maƙwabciyata ce da ta dawo daga Aljeriya. Ta zo da katifa da zannuwa, ta yi ma ɗakinta rufin kwano. Ta shigo da dare ta ce: "Ƙawata, me kike jira? Ke da ke da yara uku? Can in ba ki da yaro ba mai kallon ki. Wasu ma aron ɗiyan mutane suke yi. Ni zan ranta miki kuɗin mota, in mun isa ki biya ni."

Ta zayyana mini hanya. Daga Matamaye a kama Damagaram, a wuce Tanut, a kwana Agadas, a kai Arlit. Daga nan sai sahara, har a tsallaka iyaka a kai Tamanrasat. Tafiyar ta fi kilomita 1000. Aikin kuwa bara ce. Uwa ta zauna bakin hanya da goyo, manyan yara su bi motoci da ƙoƙo.

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya biya. Kwana uku ina kallon rufin kwanon nan yana walƙiya. Har na fara tunanin sayar da akuyata biyu.

Amma duk ɗan ƙasar Kance ya san abin da ya faru cikin watan Oktoba na 2013. Motoci biyu suka lalace cikin sahara bayan Arlit, ruwa ya ƙare. Gawa 92 aka tsinta, 52 yara ne, 33 mata. Yawancinsu mutanen wajenmu ne. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa duka. A lokacin ina amarya, na ji kukan da aka yi a garuruwa. Kuma tun ƙarshen 2014 hukumomin Aljeriya suka fara kwaso mutanenmu cikin manyan motoci suna maido su ta Asamaka. Wata takan dawo da kaya. Wata takan dawo da zanen jikinta da bashin kuɗin mota.

Na faɗa ma maƙwabciyata haka. Ta ce: "Mutuwa ko a ɗaki tana iske mutum. Mijinki a sahara ya mutu?" Ban sami abin ce mata ba.

Abin da ya tsaida ni ƙaramin abu ne. Wata safiya ina cin ɗumame ƙofar ɗaki, sai ɗanta mai shekara 10 ya zo wucewa. Bai gaishe ni ba. Sai ya karkata kai, ya miƙo hannu, ya marairaice fuska. Ba yunwa yake ji ba, gidansu ya fi namu abinci. Hannun ne ya saba. Ɗana yana tsaye yana kallon shi. Ran nan na je na ce mata na gode, ba zan je ba.

Ban zargi matan da ke tafiya ba. Ƙasarmu ta cika da jama'a, gonaki sun tsuke, an raba an sake rabawa har wani gadonsa bai fi shimfiɗar tabarma goma ba. Wadda ba ta taɓa kwana da yaro yana kukan yunwa ba, kada ta yi musu dariya.

Kano ban daɗe ina tunanin ta ba. Ƙanena yana can yana tura ruwa, shi kansa cikin shagon wani yake kwana.

Damagaram kuwa na je na gani da idona. Ɗiyar gwaggona tana aure a Garin Malam, na yi kwana 9 wurinta da yaran. Birni yana da daɗin kallo. Ga babbar likita, ga lakwal ko'ina, ga lantarki. Ɗana ya ga wutar titi ya ce a nan za mu zauna. Amma kome na birni kuɗi ne. Ɗaki haya ne. Icce saye ne. Ruwa, wanda duk wanda ya san Damagaram ya san wahalarsa, sai ka tare ɗan garuwa ka biya. Har ganyen miya da muke tsinka bayan gida, can a tire ake kasa shi.

Na ce zan yi aikatau, ko in yi talla a kasuwar Dole. Wata rana muka tafi kasuwa neman wurin, muka bar manyan biyu wajen maƙwabta. Da muka dawo babu ta tsakiya. Muka bi lungu lungu muna kira. Gab da magariba aka same ta bakin kwalta, tana tsaye tana kuka, kabu-kabu na wucewa gabanta da bayanta. Maƙwabciyar ta ba da haƙuri, ta ce wanki ya ɗauke mata hankali. Ban ga laifinta ba. Ba ta san ni ba, ba ta san ɗiyata ba.

Daga Damagaram ban koma gidan maigidana kai tsaye ba. Na biya garinmu in gaida innata. Garin yana bakin korama, inda ake noman rake da rogo da kayan lambu. Babana ya daɗe da rasuwa, inna tana zaune cikin gidan ƙanenta, kawuna. Ban taɓa sa garin cikin lissafi ba. Ina jin kunya. Mace ta fita da kayan aure da guɗa, ta dawo da yara uku da akuya biyu? Kuma na san bakin mutane bisa bazawara.

Na kwashe labari duka na faɗa ma inna: zaure, Aljeriya, Damagaram. Tana kaɗi, ba ta ɗaga kai ba. Da na gama ta ce: "Ke duk kuɗi kike lissafi. In kika kwanta ciwo kwana uku, wa zai dama ma yaran nan fura?"

Na yi shiru. Sai na ɗauki tambayarta na kai ta kowane wuri. A Tamanrasat babu kowa. A Damagaram ɗiyar gwaggona za ta yi kwana ɗaya ko biyu, amma ita ma ƙarƙashin wani take. A gidan maigidana za a dama musu, sai dai kowa a gida dabam. A nan kaɗai ne za su sha cikin ƙwarya ɗaya.

Washegari na zaga garin kamar baƙuwa. Na leƙa rijiya, gaba 3 ce. Na je lakwal, na iske mushe, ya ce zai karɓi yaron in an koma. Na taka da ƙafata har ƙaramar likita da auta a baya, don in san nisan. Na tashi da hantsi, na isa rana ba ta yi zafi ba. Wannan ya kwantar mini da rai. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke ma yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin ganin likita. Wani lokaci kana zuwa a ce magani ya ƙare, je ka sayo. Duk da haka, ciwon yaro na dare ba ya jiran amalanke. Kawu kuma ya nuna mini wani gefe cikin lambunsa, ya ce: "Ɗiyata, aro ne ba kyauta ba. In kina iya ban ruwa, ga shi."

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyi: gonar marigayi. In na tashi, wa zai tsare ma marayu gadonsu? Mun sha gani. Uwa ta tafi da yara, bayan shekara 15 yaro ya dawo neman gonar ubansa, a ce masa ba a san zancen ba. Dattawan da suka san iyaka sun mutu.

Na je wurin liman ya fayyace mini rabo. Matar mamaci mai ɗiya tumuni gare ta, wato kashi ɗaya cikin 8. Uwarsa tana da sudusi, ɗaya cikin 6. Sauran na yara ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Malamarmu ta yaƙi da jahilci kuma ta taɓa gaya mana cewa dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin gonaki, har da na gari wanda ake ce ma kofob, maigari ke shugabantar shi. Suna ba da takardar shaidar gona, suna rubuta aro da jingina da saye.

Da na kawo zancen takarda, Yaya ya ɓata rai. Ya ce: "Uwar yara, ɓarawo kika ɗauke ni?" Na durƙusa na ce: "Yaya, ba don kai ba ne. Ni da kai duk masu mutuwa ne. Don ɗiyanka da ɗiyan ƙanenka ne, kada su tsaya gaban alƙali bayan ranmu." Kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. Ran na uku shi da kansa ya kira maigari.

Aka zaga gona da liman da maƙwabtan iyaka, aka bi layin gamba kusurwa huɗu. Aka rubuta cewa gona ta magada ce, Yaya zai noma ta aro, kowace kaka ya fitar ma marayu da rabonsu. Da aka gama, na karɓi takardar na bi ta da yatsa, na nemo sunayen ɗiyana ɗaya bayan ɗaya kafin in sa hannu.

Mun tashi kafin damanar 2022. Ranar tashi uwar maigidana ta riƙe hannun yaron ta ƙi saki. Ta ce: "Shi kaɗai ke da idon ɗana. Za ki raba ni da shi." Na yi mata alkawarin kawo su kowace salla da kowace kaka. Na cika alkawari. Amma da ciwon ajali ya kama ta cikin 2023, saƙo bai iso mu da wuri ba. Mun iske an dawo daga kushewa. Sun ce ta yi ta kiran sunan yaron. Wannan yana nan cikin raina, kuma ban san ranar da zai fita ba.

Zaman garinmu ma ba zuma ba ne. Matar kawu takan yi habaici in ɗiyana sun taɓa tukunyarta. Ban ruwa da goyo ya kusa karya mini baya. Na shiga ƙungiyar Mata Masu Dubara, irin asusun matan nan da aka fara a jahar Maradi cikin 1991. Kowane mako muna zuba abin da ya sawwaƙa. Da rancen farko na sayi gujiya, ina matsar mai ina yin ƙuli-ƙuli. Masu neman aure sun zo. Kowane na ce masa mu huɗu ne, sai in ga ƙafa ta ɗauke.

Cikin watan Agusta na shekarar da muka zo, zazzaɓi ya kada ni. Ba kwana uku ba, kwana 6 na yi ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo na ji ƙarar ludayi. Inna ce zaune bakin ƙofa da ƙwarya tsakanin ƙafafunta, su uku sun kewaye ta. Matar kawun nan mai habaici ita ce ta goya auta duk kwanakin.

Kakar da ta wuce na tafi da yaron karɓar rabonsu. Yanzu ya fi ni karatu. Muka zaga iyaka kamar kullum, sai muka iske gambar gabas babu ita, kunya biyu sun shigo. Maƙwabcin ya ce shanu ne suka cinye. Yaron ya fiddo takarda daga aljihu, ya karanta sunayen shaidu da ƙarfi, har da na mai maganar. Yaya ya yi dariya ya ce: "To, ka ji malam." Shi da kansa ya ɗauko duwatsu ya jera a tsohon wurin, ya ce in ruwa ya sauka zai dasa sabuwar gamba. Muka ɗora damunanmu bisa amalanke, muka kamo hanya kafin la'asar, don gobe akwai lakwal.