Yadda fomula ta kusa ja mini kariyoba

1/ Jama'a, bari in ba ku labarin ranar da na ci 4 cikin 20 a tes ɗin kemistiri, ina aji ɗaya a jami'a. Ni da tun sakandare ake ce mini "Likita" a gida. Wallahi ranar ko abinci kasa ci na yi.

2/ Matsalata hadda. Haddace fomula nake kamar lambar waya. NaCl na san shi, gishiri ne. Da aka ce kalsiyam kulorayid, sai na zabga CaCl. Kalsiyam haidiroksayid kuma na rubuta CaOH2. Takarda ta dawo duk jan biro.

3/ Ba makin ne ya fi damuna ba. Baba ne, da na san yadda yake haɗa kuɗin makarantata. Da wane baki zan ce masa na samu kariyoba?

4/ Wata 'yar ajinmu ta duba takardar, ta ce: "Kai, ciniki ne fa. Ƙarfe ya ba da elektiron ya zama mai cajin +, ɗayan ya karɓa ya zama mai −. Dole lissafi ya tashi sifili, kada wani ya bi wani bashi."

5/ Shi ke nan fa! Sodiyam +1, kulorin −1, ɗaya da ɗaya: NaCl. Kalsiyam +2 ne, kulorin ɗaya ba zai biya shi ba, sai biyu: CaCl2.

6/ Aluminiyam +3, oksijin −2, a 6 suke haɗuwa. Aluminiyam biyu +6, oksijin uku −6: Al2O3. Masu musayar lambobi, ku riƙa ragewa: magniziyam +2 da oksijin −2 MgO ne, ba Mg2O2 ba.

7/ Ga inda na fi shan kaye. OH tawaga guda ce mai cajin −1, ba a raba ta. In kana son biyu, sa ta cikin baka: Ca(OH)2. A CaOH2 ɗina, haidurojin kaɗai na ninka. Haka ma (NH4)2SO4 da ake taki da shi.

8/ Baƙin ƙarfe kuma fuska biyu gare shi, +2 ko +3. Lambar Romawa da ke cikin sunan ce cajin: II ya ba ka FeO, III ya ba ka Fe2O3.

9/ Na haye kwas ɗin da C. Ba abin alfahari ba ne, amma ban maimaita ba, Alhamdulillah.

10/ Jiya ƙanwata mai shirin WAEC ta turo mini NaCO3 ta WhatsApp. Ban gyara mata ba, cajin kowanne na tambaye ta. Can sai ga saƙo: "Yaya, Na2CO3 ne ko?" Na ce e, kuma yana cikin kanwar da Mama ke sa wa wake.