Lambatu Ba Ya Tambayar Takarda

In an ambaci Sabha a Kano ko Maraɗi ko Damagaram, abin da yakan faɗo wa mutum a rai shi ne hamada, da motocin da ke tasowa daga Agadas su bi ta Dirku da Madama da Gatrun, da labarin gidajen da ake tsare matafiya har sai danginsu sun aiko da kuɗi. Waɗannan abubuwa sun faru, ban kuwa yi musunsu ba. Amma mu da muka yi shekaru a garin, abin da mukan tashi da shi kowace safiya ƙanƙane ne. Ruwa ya zo a famfo? An kawo wuta? Motar shara ta biyo ta layinmu? Labarin waɗannan ƙananan abubuwa nake so in ba mai karatu, gama a cikinsu na ga abin da ke riƙe gari, na kuma ga rabon da baƙo yake da shi a ciki.

Ni mai gyaran famfo ne, mutumin ƙasar Katsina. Na sauka Sabha a 2009, aikina kuwa ya shigar da ni gidaje da yawa a Gurda, da Mahdiya, da Manshiya, da Nasiriya, da Hajara. Sabha ita ce babban garin Fazzan, wato kudu maso yammacin Libiya, tafiyar fiye da kilomita 700 a mota daga Tarabulus. A kan tudu a gefen garin akwai ganuwar da Italiyawa suka gina, wadda aka taɓa sa hotonta a takardar dinari 10. A nan Gaddafi ya yi makarantar sakandare, a nan kuma ya yi shelar Jamahiriyya ran 2 ga Maris 1977. Bayan faɗuwar mulkinsa a 2011 garin ya sha faɗan kabilu, a 2012 da 2014 da 2016 da 2018, sa'an nan a Janairu 2019 sojojin Halifa Haftar suka shigo. Duk cikin wannan hali yara suna zuwa makaranta, mata suna wanki, shara tana taruwa, dole kuma wani ya kwashe ta.

Wanda aka ɗora wa wannan nauyi a takarda ita ce baladiya, abin da mu muke kira ƙaramar hukuma. Doka mai lamba 59 ta shekarar 2012 ce ta tsara ta. Jama'a su zaɓi 'yan majalisa, a ware kujera ɗaya domin mace, shugaban majalisar kuwa ana ce da shi amid. An kasa gari mahalla-mahalla, kowace mahalla da muhtar, wanda aikinsa ya yi kama da na mai unguwa a wurinmu: shi ke shaida cewa wane yana zaune a wuri kaza, shi ke sulhunta maƙwabta, shi ke kai kukan unguwa gaba. An yi zaɓen majalisar Sabha a 2014, aka sake yi a Afrilu 2019.

Sai dai abin da na lura shi ne, igiyar yawancin abubuwan da mutane ke kuka a kansu ba a hannun majalisar take ba. Wutar lantarki ta kamfanin ƙasa ce. Ruwa da lambatu ma na kamfanin ƙasa ne. Kuɗin aiki daga gwamnatin tsakiya yake zuwa, tun 2014 kuwa ƙasar ta rabu, hukuma a yamma, hukuma a gabas. Saboda haka aikin ɗan majalisa yawancinsa rubuta takarda ne, da buga waya, da zama da shugabannin ofisoshi, da roƙon man da za a zuba wa motoci. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. In ruwa ya ɗauke, ba wanda zai tafi Tarabulus ya yi faɗa. Ƙofar baladiya ce kusa, nan za a taru.

Aikin famfo ya koya mini yadda abubuwan nan suke ɗaure da juna kamar sarƙa. Manyan rijiyoyin Dutsen Hasawuna, arewa da Sabha, su ne ke tura ruwa ta Babban Kogin nan na bututu wanda ya isa Tarabulus a 1996. Sabha kanta kuwa rijiyoyin burtsatse na cikin gari da kewayensa take sha, injin lantarki ne kuma ke jawo ruwan. In wuta ta ɗauke, injin ya tsaya, famfo ya bushe. Garin shimfiɗaɗɗe ne, ba gangare sosai, don haka ƙazantar lambatu ma sai da injin ake ɗaga ta a tura ta bayan gari, inda ta taru ta zama tafki a wajen Hajara. In wancan injin ya tsaya, ƙazanta ta koma baya ta ɓullo a titi. A Janairu 2017, da sanyin hunturu, kudancin Libiya ya yi kwanaki cikin duhu, muka ga wannan sarƙa ta tsinke gaba ɗaya. Janareto kuwa sai da mai. Litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai rubu'in dinari ba, amma a kudu sau da yawa gidajen mai a rufe suke, sai a saya a jarka a bakin titi da tsada ninki ba ninki.

To, ina baƙo a cikin wannan? Yawancinmu da muka zo daga Nijeriya da Nijar mukan ce wa kanmu, baƙo raɓa ne, gari ba namu ba ne, mu tara abin da za mu tara mu koma. Akwai kuma tsoro na gaske, domin wanda ba shi da takardar zama ba ya son a ga ƙafarsa kusa da ofis. Sai ka tarar samari goma sha biyu suna haya a gida ɗaya, ɗakinsu a share, amma leda da robar ruwa da ragowar tuwo duk a zube a bayan katanga. Mutanen gari su kuwa suna kallo, suna ajiyewa a zuci.

Wata shekara da zafi, lambatun layinmu ya toshe. Ruwa baƙi ya kwanta daga kusurwar gidan burodi har ƙofar makarantar yara, wari ya hana mutane zama a waje da yamma, sauro ya yi yawa a garin da ba a saba da shi ba. An kai ƙara inda ya kamata, aka ce motar zuƙe ƙazanta tana jiran gyara. Cikin mako na biyu yara uku a layin suka kwanta da gudawa, ɗaya har sai da aka ƙara mata ruwa. Daga nan magana ta fara juyawa. Sai aka fara cewa baƙin da ke gidan ƙarshe ne suka toshe lambatun da shararsu, a tashe su. Wanda ya zauna a Sabha ya san irin wannan magana ba ta tsayawa a baki, gama makamai suna hannun mutane, ƙaramin abu yakan zama babba kafin gari ya waye.

Mai gidan da nake haya dattijo ne, asalin iyayensa daga Murzuk, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya kira ni da dare ya ce, "Usta, kai ka san bututu. Gaya mini gaskiya, yaranku ne suka toshe shi?"

Na ce, "Hajji, sai an buɗe za a sani. In ka yarda, ka kai ni wurin muhtar, mu roƙi izini mu buɗe murafun da kanmu."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Gobe bayan la'asar. Ka zo da babba ɗaya daga cikin yaran."

Samarin ba su so zuwa ba. Ɗaya ya ce mini, "Kawu, in muka je aka tambaye mu takarda fa?" Na ce masa zama ne na unguwa a ɗakin baƙin muhtar, Hajji kuma ya tsaya mana, in ba mu je mun yi magana da bakinmu ba, za a yi maganarmu ba mu nan. Muka tafi. Aka zauna a kan katifu jikin bango, aka kawo shayi mai kumfa, aka yi gaisuwa mai tsawo. Muhtar ya saurari kowa. A ƙarshe aka tsai da shawara uku: shi zai rubuta takarda da sunan mahalla ya bi ta da ƙafarsa, kowane gida zai ba da abin da ya sawwaƙa domin a yi hayar motar zuƙe ƙazanta ta 'yan kasuwa, mu kuma masu aikin hannu za mu buɗe murafun ranar Jumma'a da sassafe, tun da ita ce ranar hutu.

Da muka buɗe, abin da muka fitar ya ishi kowa amsa. Akwai leda da robobi, wasu lalle daga gidan samarinmu. Akwai ƙunzugun jarirai, alhali ba jariri ko ɗaya a gidan baƙi. Akwai yashi da ɓaraguzan siminti daga wani gida da aka ƙara wa bene. Can ƙasa kuma bututun da kansa ya tsage don tsufa. Muka tara kome a gefen titi, mutane suka zo suka duba, kowa ya ga nasa a ciki, ba wanda ya ƙara ta da maganar tashin kowa. Bayan makonni ma'aikata suka zo suka canza tsagaggen bututun, domin muhtar bai bar takardar ta kwanta ba. Tun daga ranar aka ajiye ganguna biyu a bakin layi, aka kuma sa gidan samarin cikin jerin gidajen da ake karɓar gudummawa in wani abu ya taso. A ganina shiga wannan jeri ya fi musu amfani da kowace irin kariya da za su saya da kuɗi, domin wanda aka karɓi dinarinsa an lissafta shi maƙwabci.

Kada mai karatu ya ɗauka baƙi kaɗai ne ba su da murya. A unguwar Tayuri akwai Buzaye da Tubawa da yawa waɗanda aka haifa a Libiya, amma ba su sami lambar ɗan ƙasa da aka fito da ita a 2013 ba. Marar wannan lamba ba ya jefa ƙuri'a, yana kuma shan wahala wajen albashi da fasfo. Unguwar da ba ta da ƙuri'a kuwa takan zama ta ƙarshe in ana rabon kwalta da bututu. Duk da haka na ga yadda mutanen irin waɗannan unguwanni ke haɗa kuɗi su ja waya, su gyara injin rijiya, su aika dattawansu su zauna da hukuma. Ba su jira takarda ta cika kafin su kula da inda suke kwana ba.

A Satumba 2024 aka yi ruwan sama mai ƙarfi a Sabha, garin da yakan shekara bai ga ruwan kirki ba. Tituna suka cika, gidaje marasa ƙarfi suka zube, aka yi hasarar rai. Shekara guda kafin wannan, a Satumba 2023, madatsun ruwa biyu sun fashe a Darna a gabashin ƙasar, dubban mutane suka hallaka, an kuwa daɗe ana gargaɗi cewa madatsun suna bukatar gyara. Gyaran bututu, da yashe magudana, da duba injin, ayyuka ne marasa suna, ba a yi musu biki, ba a yanka ƙyalle. Amma ranar da aka bukace su, rai ne a kansu.

In na tuna gida sai in ga ciwon ɗaya ne. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, an kuwa yi shekaru ana kukan cewa kuɗinsu yana maƙalewa a hannun jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yuli 2024 cewa a riƙa biyansu kai tsaye. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, wanda yakan shiga gida ya leƙa randa da masai. Kakanninmu kuma sun san aikin gayya tun ba a san sakatariya ba. Mu da muka gaji waɗannan ba mu da hujjar tsallake kwata a toshe a ƙofar gida mu ce aikin hukuma ne, ko a Funtuwa muke ko a Fazzan.

Saboda haka ga abin da nakan faɗa wa ƙannenmu da 'ya'yanmu masu sauka a baƙon gari. Ka san sunan mai unguwarku, ka gaishe shi tun ba ka da bukata. Ka san ranar da motar shara take zuwa, ka kai taka inda ake kaiwa. In ana karɓar gudummawar unguwa, ka bayar a rubuta sunan gidanku. In kana da sana'ar hannu, ka ba da yini ɗaya kyauta sa'ad da abin kowa ya lalace. In an kira zama, ka nemi dattijon da zai tsaya maka, ka je ka zauna, ko da a bakin ƙofa ne. Ƙuri'a ta 'yan ƙasa ce, wannan hakkinsu ne, ba mu kuwa yi jayayya da shi ba. Amma ruwan da ke bututu ɗaya muke sha da su, sauron da ya tashi daga kwata kuma ba ya bambanta ɗan gari da baƙo. Lafiyar layin da kake kwana a cikinsa ita ce lafiyarka, muddin kana wurin.