Baƙin Kwana Biyu a Kurugu

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye cikin shekarar 1992, mutanen birni suka sami wurin shan iska, mutanen karkara kuwa suka sami maƙwabcin da ya cinye musu gonaki. Ruwa ɗaya ne, amma kowa da idon da yake dubansa.

Wasu ma'aikata uku daga Kano, ma'abota wasan golf, watau ƙwallon lambu, suka ji labari wai idan rani ya yi nisa ruwan yakan ja baya, tsibirai su bayyana. Sai suka ɗauko sandunansu, suka sauka Kurugu gidan mahaifin wani abokin aikinsu, da niyyar su buga ƙwallo inda ba a taɓa bugawa ba.

Karɓar da aka yi musu ta wuce zatonsu. Tun ba su gama gaisawa ba aka kawo fura da nono cikin ƙwarya, an rufe da faifai. Da dare ga tuwon dawa miyar kuka, ta ji daddawa da man shanu, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ga ƙarfasa da masunta suka kamo, an gasa ta da yaji. Babbansu, wanda likita ya daɗe da hana shi maiƙo, shi ya fara neman ƙari. Maigida bai sa hannu tare da su ba, yana gefe yana ta ba da haƙuri, wai abincin ƙauye ne.

Da gari ya waye suka nufi bakin ruwa, wani dattijo ya ƙetarar da su cikin kwalekwale. Wasan dai bai yi armashi ba, domin ƙasar taɓo ce, ƙwallo na faɗuwa sai ta nutse. Ɗayansu ya hangi wani fili busasshe kusa da kututturen kuka, ya ce a koma can.

Dattijon ya ce, "Alhaji, in da hali a bar wajen. Iyayenmu ne kwance a nan."

"Baba, maƙabarta ce?"

"Ita ce. Nan da kuke tsaye kuma gonar mahaifina ce. Dawa muke sawa, da gyaɗa daga gangare."

Ashe abin da suke kira tsibiri tudun wani tsohon ƙauye ne da ruwa ya tasa. Suka mai da sanduna cikin jaka, babban ya cire takalmi, suka ɗaga hannu aka yi wa mamata addu'a.

Kan hanyar komowa dattijon ya riƙa nuna musu da filafili inda rijiya take, da inda masallaci yake, su kuwa ba abin da suke gani sai ruwa. Da suka miƙa masa kuɗin fito ya karɓa, ya kuma roƙi ƙwallo ɗaya ya kai wa jikansa.