Ba Kowane Tsohon Ƙarfe Ne Na Sikeli Ba



A Ingila akwai gidan adana tankokin yaƙi a Bovington. Cikin abin da suka fi ji da shi akwai tankar Jamus da ake kira Tiger 131, wadda sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya a 1943. An gyara ta har ta tashi, kuma yau ita kaɗai ce irinta da ke tafiya da injinta a duniya. Haka ma ƙananan jif-jif na Yaƙin Duniya na Biyu: kamfanonin Willys da Ford sun ƙera fiye da 600,000 tsakanin 1941 da 1945, kuma har yanzu akwai masu bin gonaki da tsofaffin gareji suna zaƙulo su, su gyara, su ajiye kamar dukiyar gado.

Mu a nan, tsohuwar mota hanya ɗaya ta sani: hannun 'yan gwangwan, daga nan sai sikeli.

Abin ya fi damuna da na tuna cewa Kaduna garin soja ne. Barikin Dalet da na Kalapanzin, da Chindit ta Zariya, duk sunaye ne da suka biyo kakanninmu daga yaƙin Bama. A Kakuri aka kafa masana'antar makamai ta DICON a 1964. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, runduna ta ɗaya ƙarƙashin Mohammed Shuwa ita ta kama Nsukka, ta shiga Enugu a Oktoban 1967. Motocin da suka yi jigilar mutanen nan, da abincinsu, da gawarwakinsu, ina suka shiga?

Ɗaya daga cikin irinsu tana bayan gidan wani dattijo a unguwarmu, kudu da kogi. Baba muke ce masa. Direban soja ne a lokacin yaƙin, da ya bar aiki ya buɗe gareji. Landiroba ce samfurin Series IIA, wanda aka ƙera daga 1961 zuwa 1971. A gwanjon kayan soja ya saye ta, ya yi shekaru yana dakon kaya da ita, sannan ta kwanta. Tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar direba.

'Ya'yansa na son filin don su gina shaguna, kuma ba laifinsu ba ne, rayuwa ta yi tsada. Masu saye ma sun zo. Jikin irin wannan mota na alminiyam ne, shi ya sa ba ya tsatsa, shi ya sa kuma masu zuba tukwane a Panteka ke ƙaunarsa. Da an sallama, cikin mako guda za ta koma tukwanen tuwo.

Da labarin ya zo kunnena sai na je na durƙusa na gaishe shi. Na ce, “Baba, a ba ni wata shida. Na karanta aikin injina a foli, bari in gwada tashinta.” Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, “Yaro, takarda ka karanta, ita kuwa wannan kunne take so.” Amma ya amince, ya roƙi 'ya'yansa su dakata.

Tun daga nan duk Asabar ina can. Abu na farko da muka duba shi ne ƙashin motar na ƙasa, domin shi na ƙarfe ne, tsatsa ta cinye shi ta baya. Sai da mai walda ya yanke ya yi masa faci. Injin mai silinda huɗu ne, ya daskare don daɗewa. Muka cire filogi, muka zuba gas a kowane rami, muka bar shi ya jiƙa kwana da kwanaki kafin ya yarda ya juya da hannu. Lagireto ya toshe da laka, kafireto ya cika da datti. Babu kwamfuta a jikinta ko ɗaya, komai ido na gani, hannu na taɓawa.

Sai dai abin da ya fi injin daraja shi ne abin da yake fitowa daga bakin Baba yayin aiki. Da na kankare shuɗin fentin da ke ƙofa, koren fentin soja ya bayyana a ƙasa, sai ya yi shiru na ɗan lokaci. Daga nan ya fara ba ni labarin tuƙin dare ba fitila, da yadda ake shimfiɗa wanda aka harba a bayan mota irin wannan, da abokinsa da ya ɗauko da rai ya sauke shi babu rai. Babban ɗansa, mai shekara sama da arba'in, yana tsaye a gefe. Ya ce bai taɓa jin labarin nan ba.

Wani zai ce, me ya sa za a raya abin da ke tuna yaƙi? Mai shagon kayan gyaran da ke samo mana abin da muka rasa Ibo ne, kuma mahaifinsa a ɗaya ɓangaren ya yi yaƙin. Da ya ji abin da muke yi, da kansa ya zo ya leƙa ƙarƙashin motar. Shi ya fara ba ni labarin gidan tarihin yaƙi na Umuahia, wanda aka kafa a 1985, inda motocin sulke da 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu ke ajiye wuri ɗaya da na gwamnatin tarayya. Yaron da ya ga kujerar da aka kwantar da mai rauni, ba zai ɗauki yaƙi wasan fim ba. Mu 'yan Kaduna, da muka san abin da rikici ya yi wa unguwanninmu a 2000, mun fi kowa bukatar wannan tunatarwa.

Saura mana wata biyu. Injin ya tashi sau ɗaya, ya yi tari, ya mutu. Birki da giya na jiranmu. 'Ya'yan Baba sun fara maganar a matsa shagunan gefe a bar mata rumfa, amma ba a yanke ba tukuna.

Ku da ke neman abin rubutawa, ku zagaya bayan tsofaffin gareji a Kakuri, Makera da Barnawa. In kun ga irin wannan mota, ku ɗauki hotonta, ku rubuta lambar da ke jikin farantinta, sannan ku nemi izinin mai ita ku naɗi muryarsa a waya. Wanda ya tuƙa mota a 1967 yana da shekara ashirin, yau yana dab da tamanin.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.