Kuɗin Asusu da Baje Koli

Zuwa ga Edita,

Ni ne ma'ajin ƙungiyar masu son tsofaffin motoci a Dutse. Waɗansunmu sun ce mu kai Peugeot 504 ɗinmu kasuwar baje kolin Kaduna, garin da aka fara haɗa Peugeot a 1975. Da fari na yarda, gama kowa na son yabo. Amma da na lasafta mai, da rumfa, da masauki, sai na ga asusu zai ƙare ƙaf. To, in motar ɗan'uwa ta mutu a hanyar Kiyawa, da me za mu jawo ta? Daidai ruwa daidai tsaki: mu baje su nan Dutse ranar Salla. Mai son Kaduna ya taɓa aljihunsa.

Naka,
Wani Akawu, Dutse.